Labarin ya burge ni, bugun littafin ne ya cuce ni

Sati uku na yi ina jiran Caleb Williams na William Godwin daga wajen wani mai sayar da littattafai ta intanet. Rayuwar marubucin ce ta ja ni. Baturen Ingila ne da ya rubuta a 1793 cewa gwamnati ce ke gurɓata halin mutane, har aure ma bai tsira daga sukarsa ba, sai ga shi a 1797 ya je coci ya auri Mary Wollstonecraft da ta samu ciki. 'Yar da ta haifa ita ce Mary Shelley, marubuciyar littafin Frankenstein. Na ce bari in ga yadda mai irin wannan kai yake tsara labari.

Wallahi kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Caleb sakataren wani attajiri ne, Falkland, dattijon arziki a idon jama'a, alhali shi ya kashe maƙwabcinsa Tyrrel, ya zuba ido aka rataye wani manomi da ɗansa a kan laifin. Shisshigi ya kai Caleb ga sirrin, daga nan ya shiga uku: sharrin sata, kurkuku, duk garin da ya gudu sai ya tarar ɓatancin ya riga shi isa. Har na fara yi wa wanda ya sayar mini da littafin addu'a.

Sai kuma abin haushi. Daidai inda Caleb ya gaji ya kai Falkland gaban alƙali, ina juya shafi na tsinci kaina a kurkuku kuma. Shafi goma sha shida aka maimaita, ƙarshen labarin babu shi sam! Na kira mutumin, wai haka aka kawo masa, in yi haƙuri. Kuɗin mota ma bai ce zai mayar ba. Da na huce na dubi littafin da kyau, ashe rubutun ma ƙanana ne kamar tururuwa, bangon kuma tuni ya fara ɓallewa.

A waya na ƙarasa, kyauta, tunda littafin 1794 ne. Falkland ya amsa laifinsa, Caleb kuma maimakon murna sai nadama ta kama shi. Gaskiya wannan rufewar ba ta kwanta mini ba, ko don raina a ɓace yake lokacin. Godwin tauraro huɗu, mai sayarwa ɗaya, shi ma don ya ɗaga waya.