Gidan Abincin 'Yan Sirilanka a Batha: Ku Je Kafin Azahar

A wani lungu na unguwar Batha da ke Riyad akwai ƙaramin gidan abinci na 'yan Sirilanka wanda nake ba 'yan'uwa Hausawa shawarar su gwada, da sharaɗin su isa kafin azahar. A lokacin ne ake sauke shinkafa, a haɗa ta da kifi da adas (wani irin ƙananan wake) da aka dafa da madarar kwakwa, sannan a ƙara gogaggiyar kwakwa mai barkono da lemon tsami wadda suke kira pol sambol. Yajin yana da ƙarfi ƙwarai, amma farashin bai fi ƙarfin lebura ba.

Wannan sammakon girki ya fi fitowa a tsakiyar wata, kuma yana da nasaba da addini, domin kimanin kashi 70 cikin ɗari na mutanen Sirilanka mabiya Buda ne. Gama-garin mabiya suna riƙe da ƙa'idoji 5, waɗanda suka haɗa da barin kisan mai rai da barin kayan maye. Ranar da wata ya cika, wadda suke kira Poya, masu himma suna ɗaukar ƙa'idoji 8, ciki har da kame baki daga abinci tun daga tsakar rana har wayewar gari. Shan ruwa ba ya karya wannan kamewa, haka shayi da zuma da ruwan 'ya'yan itace idan an tace shi tas, sai dai da yawansu suna lissafa madara cikin abinci. Nama bai haramta gare su ba, amma wasu sukan ƙaurace masa a wannan rana, shi ya sa miyar ganye da ta kabewa suke yawaita, kuma a ganina babu ranar da girkin gidan ya kai wannan daɗi.

Na yaba da yadda mai gidan yake tace lemon mangwaro sau biyu domin waɗannan kwastomomi, ba tare da an roƙe shi ba.

Wurin zaman a matse yake, bai dace da mai iyali ba, kuma abincin dare ɗumame ne. Tun da Poya takan zo daidai da kwanakin azumin tsakiyar wata, mai azumin nafila ya sayi nasa da rana ya ajiye domin buɗa-baki.