Finafinan fatalwa na 'yan barkwancin Filifin, sharhina bayan na kalla

Gaskiya duk mai son ya ji tsoro kuma ya yi dariya lokaci guda ya nemi tsofaffin finafinan Filifin na shekarun 1980 zuwa 1990, ni kam a waya nake kallonsu ta intanet kuma ban yi asarar datana ba ko kaɗan.

Abin da ya fi burge ni shi ne da dama cikin 'yan wasan nasu mawaƙa ne ko 'yan rawa tun asali, ba wai an ɗauko mutum an liƙa masa waƙa ba. Dolphy da suke kira sarkin barkwanci, wanda ya rasu a 2012, da rawa ya fara a kan dandamali tun zamanin da Japan ta mamaye ƙasar. Tito Sotto da ƙanensa Vic kuwa suna cikin ƙungiyar kiɗan disko ta VST & Company a shekarun 1970, sannan su biyun da Joey de Leon suna ɗaukar waƙoƙin da ake yayi su juya baitocin su koma abin dariya, kamar dai yadda 'yan kama ke juya karatu su mayar da shi zancen tuwo. Shi Tito ɗin ma daga baya har shugaban majalisar dattawa ya zama, ka ji ikon Allah. To irin waɗannan mutanen idan aka jefa su gidan da fatalwa ke ciki wallahi ko ihunsu a kan kari yake fita, wani ya daskare baki na rawa, wani ya kama waƙa wai don ya kori tsoro muryar na karkarwa ita kuma fatalwar tana tsaye a bayansa tana jira ya gama, kai da kake kallo kana ganinta shi bai sani ba, cikinka na ciwo don dariya amma kuma gabanka na faɗuwa.

Kuma dodanninsu nasu ne na gida. Akwai manananggal, mace ce da dare sai jikinta ya rabu daga ƙugu, saman ya fito da fukafukai irin na jemage ya tashi neman masu ciki, maganinta a zuba gishiri ko toka a kan rabin da ta bari a ƙasa. Akwai tiyanak mai zuwa da siffar jariri yana kuka a daji, da mace mai farin kaya da ake cewa tana tare direbobi a titin Balete da ke Quezon City. Wannan jaririn fa ya dame ni sosai, har yanzu ba na son tuna fuskarsa.

In kana neman inda za ka fara, jerin Shake, Rattle & Roll da kamfanin Regal ya ci gaba da shiryawa daga na biyu ya fara ne a 1984, yawanci labari uku ne a fim ɗaya, a na farkon har da firji mai cin mutane. Tsoro ya fi yawa a cikinsu amma ana tsarma raha, kuma galibi lokacin Kirsimeti ake sakinsu a bikin finafinai na Metro Manila.

Matsala ta gaske ita ce harshe. Barkwancin da yawa wasa da kalmomin harshensu na Tagalog ne, fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo ba ta iya ɗauko shi, wasu kwafin ma babu fassarar sam, hoton kuma dishi-dishi. Wani lokacin sai a tsaya tsakiyar labari a tafi bakin teku a yi ta rawa ba gaira ba dalili, ni wannan bai dame ni ba amma tsokanar gajeru da masu muni da suke yi ta yi yawa, ba na jin daɗinta. Kuma dan Allah kar a kunna wa yara ƙanana da dare, akwai jini a wasu wuraren.