Music of the Spheres na Coldplay: taurari a bango, waƙa ɗaya ce ta ɗaga kai sama

Wannan shi ne albam na tara na ƙungiyar Coldplay ta Ingila. Ya fito ranar 15 ga Oktoba 2021, kuma Max Martin, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya jagoranci haɗa sautinsa. Sunan ya samo asali ne daga tsohon tunanin da ake jinginawa Pythagoras, masanin Girka na zamanin da, cewa yadda duniyoyi ke kewayawa akwai kiɗa a ciki, tunanin da masanin taurari Kepler ya sake ɗaukowa a 1619. An tallata shi da gaske: a watan Mayu 2021 an fara sa waƙar "Higher Power" ta cikin albam ɗin ta hanyar ɗan sama jannati Thomas Pesquet, yana can tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa.

A lissafi waƙoƙi 12 ne, tsawonsu kusan minti 42. Amma kada adadin ya ruɗi mai saurare. Uku daga ciki ba su kai minti ɗaya ba, gadoji ne kawai tsakanin waƙa da waƙa. Biyar kuma ba a rubuta musu suna da haruffa ba, alamar emoji aka sa, abin da ke sa neman su a manhajar kiɗa ya zama aiki. Idan aka bar manhaja ta gauraya jerin, gadojin nan sai su faɗo inda ba gurbinsu ba, su yanke kamar an katse waya. A kashe gaurayawa, a saurara daga farko a jere.

Matsalar babba tana cikin haɗin sautin. Max Martin gwanin waƙar rediyo ne: amshi ya zo da wuri, ganga da kiɗan kwamfuta su cika ko'ina, a matse sauti har mai ƙarfi da mai rauni su kusa zama ɗaya. Wannan ya yi wa "My Universe" rana, wadda suka yi da BTS, ƙungiyar mawaƙan Koriya ta Kudu, kuma ta hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka. Sai dai daren taurari fili yake so da shiru, su kuwa waɗannan ba su bar wa kunne wurin hutawa. Kalmomin ma na soyayya ne da aka yafa wa mayafin sama. "Biutyful", da aka siranta muryar da na'ura don ta yi kama da ta baƙon halitta, tana gundura tun kafin a kai rabi.

"Coloratura" ce ta biya kuɗin sabulu. Minti 10 da 'yan daƙiƙu, kusan rubu'in albam ɗin gaba ɗaya. Tana farawa da fiyano a hankali, kayan kiɗa masu tsirkiya su shigo, a sauka ƙasa sosai a tsakiya, sannan jita ta ɗauka. Babu gaggawar kai wa ga amshi. A nan ne aka ambaci Galileo, kumbon Voyager, Callisto wanda ɗaya ne daga watannin Jupiter, da tauraron Betelgeuse, wato an duba sama da gaske kafin a rubuta. Lasifikar waya tana kashe ta, domin sassan da ke da laushi ɓacewa suke yi, ƙasan sautin kuma ba ya fita. Tana buƙatar iyafis mai kyau ko lasifika biyu, hagu da dama, da ɗaki marar hayaniya.

Mai neman abin rawa zai samu biyu ko uku a nan. Wanda kuwa taurari suka kawo shi, ya tsallaka kai tsaye zuwa ta 12, wato "Coloratura".