Tayar BFGoodrich KO2 a kan Hilux: jaruma a burji, mai buƙatar lura a jiƙaƙƙiyar kwalta

Masu a-kori-kura da yawa, musamman masu Toyota Hilux, suna cire tayoyin da motar ta zo da su daga kamfani su ɗaura BFGoodrich All-Terrain T/A KO2, da tunanin cewa taya mai manyan haƙora ta fi riƙe hanya a kowane yanayi. A burji, da tsakuwa, da hanyar gona, gaskiyarsu ne. Amma da zarar damina ta kankama aka hau jiƙaƙƙiyar kwalta, lissafin ya sauya, kuma wannan ne ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya cire kuɗinsa.

Tayar ta fito a 2014, kuma sunan BFGoodrich yana ƙarƙashin kamfanin Michelin. Lambar girman taya da ta fi dacewa da Hilux mai rim 17 ita ce LT265/65R17 (LT alama ce ta tayar ƙananan motocin ɗaukar kaya), kuma zurfin zanenta tana sabuwa ya kai kusan milimita 12. Gefenta kauri ne da shi, dutse ko kututture ba ya saurin yanka ta, kuma tana daɗewa ba ta cinye ba. A wannan fannin ba a kushe ta.

Sai dai abin da ya ba ta juriya shi ne ya rage mata riƙo a ruwa. Robarta mai tauri ce, an haɗa ta don kada dutse ya gutsure ta, alhali jiƙaƙƙiyar kwalta roba mai laushi take so, wadda za ta lafe a jikin hanya. Ga kuma tsarin zanen. Tayar kwalta, wadda ake rubuta wa H/T, irin su Bridgestone Dueler H/T 684 II, tana da dogayen ramuka miƙaƙƙu da suka zagaye ta, ruwa yana bi ta ciki ya fice da sauri. Haƙoran KO2 kuwa a sarƙe suke da juna, ruwan sai ya yi ta kwana kafin ya samu mafita. Tana sabuwa zurfin zanen yana rufe wannan rauni. Idan ta ci rabi, robar kuma ta ƙara bushewa da zafin rana, sai a fara ganin tazarar birki ta ƙaru, ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki, yana saurin kamawa, bayan motar yana wutsiya a shataletale.

Ba duk laifin ne na tayar ba. A-kori-kura nauyinta a gaba yake, wurin inji da gidan direba, amma tayoyin baya ne ke tura ta idan tana H2, wato ba a saka giyar tayoyi huɗu ba. Idan bodin babu kaya, babu abin da ke danne su a ƙasa, kuma sifirin ɗin baya an yi shi ne don ɗaukar kaya mai nauyi, shi ya sa yake tsalle idan motar ba lodi. Injin dizal kuma ƙarfinsa yana zuwa tun totur bai yi nisa ba. Taɓawa kaɗan a giya ta ɗaya ko ta biyu, sai tayar baya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ruwan farko na shekara ya fi kowanne haɗari, domin ƙurar rani da man da manyan motoci suka ɗiɗɗiga suna cakuɗewa su zama kamar sabulu.

Inda aka fi ɓata wannan taya shi ne wurin masu faci. A jikinta an rubuta 80 psi, wato awon ƙarfin iska, sai mai faci ya ɗauka awon da za a bi ke nan, ya ɗura 55 ko 60. Wannan lamba iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce da cikakken lodi. Iska mai yawa haka tana kumbura tsakiyar tayar, gefe biyu su ɗage, abin da ke taɓa kwalta ya ragu. A fara da awon da ke manne a jikin ƙofar direba. Taya mai LT tana son ƙari kaɗan a kan wannan, yawanci tsakanin 35 da 40 ga motar da ba ta da kaya. A auna da safe tayar na sanyi. Don tabbatarwa, a ja layi da alli a faɗin zanen, a yi tafiya miƙe ta mita ɗari, a duba. Idan tsakiya kaɗai ya goge, iska ta yi yawa. Idan gefe ne ya goge, ta yi kaɗan.

Nauyi a baya yana taimakawa ƙwarai. Buhun yashi biyu ko uku, kilo 100 zuwa 150, a ajiye su daidai saman tayoyin baya, a ɗaure su tamau. Kada a jibge su can bakin ƙofar bodi, domin hakan yana sauƙaƙa gaba kuma yana ƙara wa baya juyi a kwana. Shi kuwa H4, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su tura motar, a yi hattara da shi. Na Hilux yana haɗa gaba da baya su juya tare, an yi shi don laka da yashi, kuma a kwalta yana takura wa giya a kwana. Yana taimaka wa tashi, amma ba ya rage tazarar birki ko taku ɗaya. Makullin difiransha na baya kuwa, wanda ke tilasta wa tayoyin baya biyu su juya daidai da juna, kada a kusance shi a kan kwalta.

Zurfin zane a riƙa auna shi. Alamar ƙarewa da ke cikin ramukan tana milimita 1.6, amma wanda zai bi hanya irin ta Kaduna zuwa Abuja a watan Agusta bai kamata ya jira haka ba. Daga milimita 4 a fara shirin sauyi. Idan biyu kawai aljihu zai iya, sababbin su koma baya. A kuma duba lokacin da aka ƙera tayar, a lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wannan ya fi muhimmanci ga masu sayen tayar gwanjo, don KO2 tana iya nuna haƙora kamar sabuwa alhali robarta ta ƙeƙashe.

Wanda yawancin zirga-zirgarsa a ƙauye take, ko gona, ko wurin aikin gini, KO2 ta cancanci kuɗinta, muddin zai gyara iska kuma ya sauko ƙasa da kilomita 80 a awa idan ruwa ya kwanta a hanya. Idan ya ji sitiyari ya yi sako-sako, ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe shi a miƙe, kada ya danna birki da ƙarfi. Wanda kuwa motarsa ba ta cika sauka daga kwalta ba, tayar H/T mai kyau ta fi masa riƙo a ruwa, ta fi shiru, ta fi sauƙin mai. Kamfanin ya fitar da sabon samfuri, KO3, a 2024, kuma riƙo a ruwa na cikin abubuwan da ya ce ya gyara, don haka mai son irin wannan taya ya fara tambayar ta kafin ya karɓi tsohon samfuri.