Hattara da mai tallar "rimasta" na tsofaffin faifan jazz-rock: ya cinye min N232,000

Salamu alaikum jama'a. Yau kwana 11 ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya. Yanzu dai zan sake shi, mai dariya ya yi dariyarsa. Naira dubu 232. Ba a aljihu aka zare min ba, ba kuma bindiga aka ɗora min ba. Ni da hannuna, da wayata, ina zaune a kan tabarmata bayan sallar isha'i na tura, har sau huɗu. Sau huɗu fa.

Kafin wani ya shigo ya ce ai ba a cinikin biri a sama, na sani. Ni nake faɗa wa mutane haka. Shekarata 14 ina harkar kayan gini a Kaduna, yaro bai taɓa wucewa da buhun siminti ɗaya a gabana ba. Masu cewa alhakin kiɗa ne ya kama ni, ku ma na ji, an riga an faɗa min a gida. Ku bar ni na gama.

Ba don kaina na nemi faifan nan ba, don Baba ne. Ya yi karatu a Ingila a farkon shekarun 1970, ya dawo da akwati guda na faifan garmaho. Muna yara, ranar Lahadi da hantsi faifan ƙungiyoyin kiɗa yake sawa, shi ne Soft Machine, shi ne Colosseum, shi ne Osibisa mai hoton giwaye masu fukafukai. Mu dai a lokacin hayaniya muke ji, wani kiɗa da zai yi kusan minti 20 ba a ce uffan ba, sai ganga da ƙaho da wata molo mai kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Daga baya kunnena ya buɗe. Faifan kuwa zafin sito ya lanƙwashe su bayan mun tashi daga tsohon gida, wasu suka zama kamar faranti. Bara da Baba ya kwanta rashin lafiya ya tashi, sai na ji yana ta maimaita zancensu. Na ce wallahi sai na nemo masa sabon bugu, irin wanda kamfanoni suke komawa kan ainihin tef ɗin situdiyo su sake tace sautin, su buga da ɗan littafi da tsofaffin hotuna. Shi ake cewa rimasta. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Esoteric a Ingila da Repertoire a Jamus, ga kuma Japanawa da suka fi kowa iya kwalliyar abin.

A Instagram na ga mai tallar. Ba zan kama suna a nan ba tukuna, an ce min in dakata sai banki sun gama nasu, amma hotunan hirarmu duk suna hannuna, da rasit huɗu, da muryarsa. Zan ɗora su a ƙasa, wallahi zan ɗora.

Muryar nan ita ce ta kashe ni. Na saurare ta ya fi sau 30 tun da abin ya faru, ina neman inda ya kamata in farga, har yau ban samu ba. Na tambaye shi ne kawai ko yana da faifan Third na Soft Machine. Sai ga saƙon murya na minti biyu da wani abu, da Hausarsa garau, ya ce a Jos aka haife shi, kasuwa ce ta kai shi Legas. Ya ce, "Babban yaya, wanne kake so? In don tsohonmu ne, kar ka sayi tsohon sidin, sautinsa a dushe yake. Ka ɗauki na 2007, shi ne mai faifai biyu, na biyun wasan da suka yi ne a Royal Albert Hall a watan Agusta na 1970." Tsohonmu. Haka ya kira Baba. Kuma abin da ya faɗa gaskiya ne, ko ɗigo bai yi kuskure ba. Third ya fito a 1970, faifai biyu, fuska huɗu, kowace fuska kiɗa ɗaya rak, makaɗan su ne Mike Ratledge da Hugh Hopper da Elton Dean da Robert Wyatt a kan ganga. Bugun 2007 kuma tabbas yana ɗauke da wasan na Landan. To ku faɗa min, wane ɓarawo ne a ƙasar nan ya san wannan? A duk Kaduna mutum nawa ne za ka ce musu Hugh Hopper su ce sun san shi? Ni da na ji wannan murya ji na yi na haɗu da ɗan'uwa. Shekara da shekaru ba ni da abokin wannan hira sai Baba.

Har gwada shi na yi fa, kada ku ce ban gwada ba. Na yi kamar na manta, na ce Valentyne Suite na Colosseum ai 1971 ne ko? Nan take ya ce a'a yaya, 1969 ne, kuma shi ne faifai na farko da kamfanin Vertigo ya fara fitarwa, lambarsa ma VO 1. Daidai. Ya ƙara da cewa in Baba yana son Jon Hiseman, mai gangar Colosseum, to lallai zai so Elastic Rock na Nucleus, ƙungiyar Ian Carr mai busa ƙaho, na 1970, shi ma Vertigo. Ya turo bidiyo, faifai yana juyawa a kan garmaho, tambarin nan na Vertigo baƙi da fari mai sa jiri yana ta wulwulawa a tsakiya, irin wanda nake tsayawa ina kallo ina ɗan shekara bakwai. Hawaye ne suka kusa zubo min. Daga baya ɗan yayata ya nemo min bidiyon a YouTube, na wani Bature ne, an yanke kansa da kujerarsa an bar hannu. Hannun ma fari ne sol. Na gani a lokacin, na ce ƙila hasken fitila ne. Allah ya isa.

Ciniki: garmaho uku, wato Colosseum da Nucleus da Osibisa na farko na 1971, sai sidi na Third mai biyu, sai In the Land of Grey and Pink na Caravan bugun Japan mai kwalin takarda da ɗan ɗamarar nan da suke naɗawa a gefe. Ya ce dubu 210, muka sauka a 185. Kuma wannan ba araha ba ce da za a ce kwaɗayi ya ja ni. Na duba farashi a Discogs, shafin intanet na bayanai da cinikin faifai, na lissafa da canjin fam da kuɗin jirgi, ya zo kusa da haka. Da ya ce min dubu 40 da tuni na gudu. Ya san inda zai tsayar da farashin.

Na fara tura dubu 100. A'a, ƙarya nake, kafin nan sai da muka yi rigimar asusu. Sunan da ya fito na mace ne. Na tambaya, ya ce na ƙanwarsa ce, nasa yana da matsalar BVN. Matata tana gefe tana ninke kaya ta ce, "Baban Ummi, wannan ƙanwar tasa dai." Na ce mata ke ba ki san harkar ba, mutumin nan ya san VO 1. Haka na ce mata. Yanzu ko shayi na nema sai ta ce min, "Ga shi nan, VO 1." Ba ni da bakin magana.

To dubu 100 ranar Talata. Dubu 85 ranar Alhamis, bayan ya turo hoton kwali an naɗe da salatif an rubuta sunana da lambata da maka. Sai dubu 14 kuɗin mota, wai kaya ne masu fashewa sai a gaban direba za su zauna. Sai kuma dubu 33, ita ce ta fi ci min rai. Wai na Japan ɗin bai iso hannunsa ba ashe, yana wurin kwastam, sai an biya a sake shi. Na ce ai ka nuna min kwali a rufe. Ya ce wancan na garmaho ne, wannan daban zai cusa. A nan ya kamata in tsaya. Na san a nan ne. Amma mutumin da ya riga ya zuba dubu 199, ya kuma riga ya faɗa wa mahaifinsa cewa akwai abin mamaki a hanya, yaya zai yi? Na tura. 100, 85, 14, 33. Dubu 232.

Abin da mutane ba za su gane ba shi ne kaya sun iso. Da bai turo komai ba da ya fi min sauƙi. Na je tashar Mando na karɓi kwali daga hannun direba, na ɗora a gaban mota kamar amarya, ban buɗe ba na wuce gidan Baba kai tsaye. Wannan ne wautar da ba zan yafe wa kaina ba. A gabansa na yanka salatif, ga Yaya Babba, ga jikoki.

Kwalin Third hoto ne aka buga a shagon kwafi, har layin firinta yana nan ratsa-ratsa. Na juya sidin, bayansa kore-kore mai shuɗi, irin fankon da ake saya a kasuwa a zuba waƙar biki. Sidin kamfani bayansa fari ne kamar azurfa, kuma a zoben tsakiya akwai lambobin ma'aikata da ƙananan haruffan IFPI da aka fara sawa tun 1994. Wannan ba komai, sai sunan kamfanin fankon. Ɗan littafi babu. Na Japan ɗin ɗamararsa takardar A4 ce aka yanka da almakashi, rubutun Japananci ya dushe kamar tururuwa ta bi ta kan tawada. Garmaho kuma biyu ne ba uku ba. Na zaro na cikin kwalin Colosseum, tsohon faifan waƙoƙin coci ne duk ya karce, an liƙa masa zanen Vertigo da gam a tsakiya, ramin ma bai daidaita ba. Na cikin kwalin Nucleus a tsage yake daga baki har rabi. Osibisa kuwa ko giwa ɗaya ban gani ba.

Baba ya karɓi na Colosseum ɗin, ya ɗaga shi a haske, ya karkata yana neman lambobin da ake ƙarzawa a filin nan na kusa da tambari, kamar yadda yake yi tun muna yara. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya ajiye a hankali ya ce, "Ba komai, Allah ya yi maka albarka." Da zagina ya yi da ya fi.

Ni kuma da taurin kai na ce bari dai mu ji sidin, ƙila sautin rimasta ne ko da kwalin jabu ne. Ɗan yayan nawa mai karatun kwamfuta ya sa shi a wata manhaja da ke zana sauti, ya nuna min yadda aka daddatse saman kamar da reza a daidai kilohaz 16, alhali sidi na gaskiya yana haurawa har wajen 22. Ya ce, "Kawu, wannan MP3 ne mai 128, daga intanet aka sauke." Faifai na biyu, wanda ya kamata ya zama wasan Royal Albert Hall ɗin da aka saye ni da shi, maimaicin na farko ne. Wasan da ya yi min bayaninsa dalla-dalla da bakinsa, ko wahalar sauke shi bai yi ba.

Na kira shi a daren, ya ɗauka. E, ya ɗauka! Ya ce innalillahi, yaron shagonsa ne ya musanya da kwalin wani kwastoma, gobe zai gyara, in turo dubu 14 na wata motar. Na ce uban wa? Ko a'a, wannan da safe ne, da daddare cewa ya yi yana asibiti da mahaifiyarsa. Na rikice da kwanakin, hotunan za su nuna. Zuwa azahar dai ya toshe ni a WhatsApp, shafin ya canza suna, hotunan faifan na nan yadda suke, har da sabbin mabiya. Jiya wani bawan Allah daga Zariya ya min magana, shi da faifan BLO da Ofege aka damfare shi, ƙungiyoyin kiɗa na Legas, na 1973, shi ma da saƙon murya mai daɗi da "babban yaya".

Na kai ƙara banki, na cike takarda, na kai rahoto wurin 'yan sanda. An ce in jira. Ina jira.

Shawara? Kar ku biya sai kaya a hannu. Ku ce ya yi kiran bidiyo, ya juya bayan sidin, ya karanto lambar zobe, ku gwada da ta Discogs. In sunan asusu ya bambanta, ku gudu. Shi ke nan.

Dubu 232. Kuma har yanzu ina son in san inda ya koyi abin. Sai dai in ya zauna ya haddace ne dare ɗaya kafin ya amsa min, don na lura yanzu duk tambayar da na yi sai ya ɗauki minti 10 ko 15 kafin murya ta shigo. A lokacin cewa nake yana fama da kwastomomi ne. Duk wanda ya gane shafin daga bayanin nan ya same ni ta akwatin saƙo, muna haɗa rasit ni da na Zariyan. Hotuna suna zuwa bayan magariba, sai na rufe lambar Baba da ta fito a jikin kwalin.