Wane Batir Ya Dace Da Gida Mai Wutar Hasken Rana A Yamai?

Tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar ta layin Birnin Kebbi, magidanta da yawa a Yamai suka koma neman mafita a kan rufin gidajensu. An maido da wutar a watan Maris na 2024, tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 kuma ta ƙara wa kamfanin wutar lantarki na ƙasa, NIGELEC, ƙarfi, amma duk wanda ya kwana a birnin nan cikin Afrilu ko Mayu ya san kuran yakan ɗauke a daidai lokacin da aka fi buƙatar fanka. Faifan hasken rana mai kyau yakan yi shekara 20 yana aiki. Batir ne yake cin kuɗi, shi ne kuma yake fara mutuwa, saboda haka a kansa ya kamata mai saye ya tsaya ya yi nazari.

Batirin mota a cire shi daga lissafi tun farko. An ƙera shi ne don ya tayar da inji cikin ƴan daƙiƙoƙi, idan aka ɗora masa aikin gida dare da rana ba ya jimawa.

Batirin dalma mai ruwa, musamman dogon nan mai suna tubula, shi ne mafi sauƙin kuɗi cikin waɗanda aka yi don ajiyar wuta. Sai dai adadin da aka rubuta a jikinsa ba duka ne naka ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar wat 2,400 na awa guda, amma idan ana so ya daɗe, rabin wannan kawai ake ja, wato 1,200. Fanka ɗaya mai wat 60 da ta kwana tana juyawa awa 10 ta cinye 600, abin da ya rage sai a raba shi tsakanin fitilu da talabijin da cajin wayoyi. Yana kuma buƙatar kulawa: a riƙa buɗe murafensa ana duba ruwa, a ƙara masa tataccen ruwa na batir, ba na famfo ko na rijiya ba, a kuma ajiye shi inda iska ke shiga, domin yana fitar da iskar da ke kama wuta yayin caji.

Busasshen batirin dalma, wanda ake kira jel, ba ya neman ƙarin ruwa, abin da ya sa mutane ke son sa. A ganina, a yanayin Yamai shi ne ya fi ba da kunya. An auna ƙarkon batirin dalma ne a zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin rayuwarsa. Ɗakin kwano a bazara yakan haura 40. Mai ruwa idan ya ƙafe ana iya ceto shi, shi kuwa jel idan zafi ya kumbura masa ciki babu sauran magani.

Batirin litiyom nau'in LiFePO4 ya fi tsada ƙwarai a ranar saye, amma ana iya jan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na abin da ya ɗauka, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai, alhali na dalma yakan tsaya a ɗaruruwa ko ya ɗan haura dubu. Gidan da ke da firji, ko shagon da ke sayar da ƙanƙara, idan hali ya samu, wannan ne zaɓin da na fi natsuwa da shi. Sharaɗi shi ne ya zo da allon kariya na ciki da ake kira BMS, kuma na'urar daidaita cajin gidan ta dace da shi. Amma batiran da ake haɗawa da hannu daga tsofaffin ƙwayoyin kwamfutar tafi-da-gidanka, wani nau'in litiyom ne daban mai saurin kama wuta, bai kamata su kwana a ɗakin da yara suke ba, komai arharsu.

A shago, hannu ya fi ido gano gaskiya. Batirin dalma mai amfiya 200 nauyinsa yakan kai kilo 60. Idan ka ɗaga shi da hannu ɗaya babu nishi, an yi ƙwauron dalma a cikinsa. A nemi ranar ƙira, domin wanda ya daɗe a ajiye ba caji ya riga ya fara lalacewa. A shafa gefensa a ji ko ya kumbura, a dubi kawunansa ko akwai farin gari ko alamar an kankare su. Garanti kuma a karɓe shi a rubuce, da hatimin mai shago.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne inda batir zai ƙare. Mataccen batirin dalma yana da daraja, domin fiye da rabin nauyinsa dalma ce da ake narkarwa a sake amfani da ita, shi ya sa masu sayen tsofaffin ƙarafa suke biyan kuɗi a kansa. Hatsarin yana cikin yadda ake fasa shi: a sare shi da adda, a tuntsurar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar a tukunya kan gawayi a tsakar gida, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sakamakon irin wannan sana'a. Gubar dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun kafin a ga alamar ciwo. Shi kuwa litiyom, ba shi da dalma, amma masu sayen matacce ba su da yawa, kuma jefa shi a bola ko cikin wuta hatsari ne.

Don haka tun ranar ciniki a tambayi mai shago ko zai karɓi tsohon a rage farashin sabo, da kuma inda yake kai su. Kafin a zo ɗauka, a ajiye mataccen batir a tsaye da ruwansa a ciki, murafensa a rufe, a inuwa, nesa da randa da wurin girki.