Yaya, a kan ƙafar Kawu da kafson kemis

Assalamu alaikum Yaya, ina gaida ku, ya Inna ya yara ya ruwa. Na ga hoton ƙafar Kawu da ka turo min ta WhatsApp, wallahi daren jiya barci bai ɗauke ni da wuri ba. Ka ce kwali na huɗu ke nan na Ampiclox ya sha tun bayan babbar sallah kuma yanzu mai kemis na cewa a koma allura. Na ce bari in rubuta a nan inda sauran 'yan Argungu za su gani don na san ba gidanmu kaɗai ke da mai gyambo ba.

Shekara 3 ke nan ina aiki a gidan kula da tsofaffi a Mancesta. A nan Ingila farasitamol a kantin kayan abinci ma kana samu da araha, amma kwali biyu kawai za su sayar maka. Maganin kashe bakteriya kuwa ko nawa ka riƙo ba a miƙo maka haka nan, sai da takardar likita, tun 2024 ne ma aka ba masu kemis damar bayarwa a kan cututtuka 7 kuma sai sun duba ka tukuna. Kowane magani ɗaya fam 9.90 ne, wanda ya kai shekara 60 ko mai ciwon suga da ke shan magani ba ya biya. Ganin likitan ne aiki, ƙarfe 8 na safe ka kama waya kana bin layi wani lokacin a ce sai wani sati, a wannan kam gida ya fi sauƙi, gaskiya.

Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita mai ciwo a ƙwauri irin na Kawu sak. Nas na zuwa sau biyu a sati, ta wanke, ta sa wani ɗan ƙyalle mai laushi ta goge saman ciwon har wani abu mai yauƙi ruwan ɗorawa ya fita, ta auna faɗin ciwon da rula ta ɗauki hoto ta ɗaure. Ko kafso ɗaya ba a ba ta ba. Abin ya dame ni na tambaye ta, ta ce ai bayofim ne.

Yaya ka tuna randar Inna in ta yi sati ba a wanke ba, ka sa hannu ciki ka ji santsi? To shi ne. Bakteriya na manne wa wuri sai su fitar da yauƙi da aka haɗa da nau'in sukari da furotin da DNA, wato sinadarin gadon halitta, su lulluɓe kansu, su yi gari guda har da 'yan magudanai da abinci ke bi, suna aika wa juna sinadari don su san yawansu. Kamar dai ganuwar da Kanta ya yi wa Surame. Na bakin ganuwa suna samun iska da abinci suna hayayyafa, na can ciki kuwa iska ta yi musu kaɗan sun lafe kamar masu barci. To dangin fenisilin irin su Ampiclox suna kashe ƙwayar bakteriyar da ke cikin rabuwa ne tana gina bangonta, wadda ta lafe sai maganin ya wuce ta. Wasu magungunan kuma yauƙin ke riƙe su su rage ƙarfi kafin su kai ciki. Shi ya sa a gwaji ake samun na cikin bayofim suna jure magani ninki 10 har zuwa ninki 1,000 a kan waɗanda ke yawo a sake. Sai na waje su mutu, wari ya ragu a ce an samu sauƙi, kwali na ƙarewa masu barcin su farka su sake cika gari. Abin da ke faruwa da Kawu ke nan a ganina, kuma duk kwalin da aka ƙara ana ba bakteriyar da ke jikinsa damar sabawa da maganin ne.

Haka robar fitsari, a nan in ta jawo cuta canza ta suke yi don cikinta ne garin yake. Haƙori ma haka, tun 1683 wani mutumin Holan, Leeuwenhoek, ya kankaro dattin haƙorinsa ya duba a madubin ƙara girma ya ga halittu na motsi. Likitan haƙori a nan tsada gare shi sosai, ni dai asuwakin da Inna ta haɗo min da shi nake, gogewar ce ke rushe su.

Ba cewa nake a daina magani ba fa. Tsohuwar nan akwai satin da gefen ciwon ya yi ja ya kumbura ga zazzaɓi, ranar aka dangwali ruwan ciwon da auduga aka kai lab, wato ɗakin gwaji, aka fara mata magani, da sakamako ya fito aka ga wanda ƙwayar ke ji aka canza mata. Wata 4 ciwon ya rufe, na ga sabuwar fata da idona. Abin da suka fi mu a nan gwajin ne da hannun nas, kafson kam iri ɗaya ne da namu.

Don Allah Yaya kar a yi allurar nan a kemis, kuma kar a kira wanzami ya kankare, kar a zuba garin kafso ko toka a kai. Ku kai shi asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi a fara auna sugansa don wannan yawan fitsarin dare da ka ce yana yi ya tsaya min a rai, a duba ko jini na isa ƙafar, a ɗauki ruwan ciwon, a sa masa ranakun diresin. In yatsa ya fara baƙi ko zazzaɓi ya zo kar ku jira safiya. Ranar Juma'a in sha Allah zan turo kuɗin mota da na gwaji, ka ɗauko min hoton takardar sakamakon. A gaida Kawu, Allah Ya ba shi lafiya.